Bokitin Gam na Mastro Cataldo

Duk wanda ya mutu a garinmu cikin shekara sittin ɗin nan, ta shagonmu sunansa ya bi kafin ya hau bango. Mu ke shirya sanarwar rasuwa, babbar takardar nan mai baƙin gefe da ake liƙawa a allunan gari ashirin da biyu, a ƙara ɗaya a ƙofar gidan mamacin. Mahaifina, Mastro Cataldo, shi ya kafa shagon. Ni Palmina na karɓa daga hannunsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma ba zan ɓoye ba, da ƙarfin tsiya na karɓa. Na shigo da kwamfuta, na kori tsohon injin, na tura teburinsa na yanke-yanke can ƙuryar baya tare da almakashinsa da rezarsa da wani bokiti da gam ya bushe a jikinsa har ya yi ɓawo. Yanzu ni sai tsarawa, manyan takardun kuwa a birnin Taranto ake buga mana.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da na huta. Kullum ƙarfe takwas zai zo ya ja kujera ya zauna a bayana, yana leƙen aikina ta saman kafaɗata yana sauke numfashi, kamar wanda ya ba da aron jakinsa yana kallon ana dukansa. Kuma akwai kalma ɗaya da idan na furta sai na ji kujerar ta motsa, wato copincolla. Haka kowa ke faɗa yanzu idan ya kwafo rubutu daga wani wuri ya manna a wani, har yaran firamare.

Mijina Ermete malamin sakandare ne, irin mutanen da kalma ba ta isa ta gifta ta gabansu ba su tambaye ta sunan kakanta ba. Wata Lahadi muna cin taliya a gidanmu, ya ga Baba ya ɓata rai a kan kalmar, sai ya gyara tabarau. Ni dai na san an shiga uku.

"Baba, ai kalma biyu ce aka ɗaura wa aure," in ji shi. "Copia da incolla. Ta farkon daga Latin take, asalin ma'anarta yalwa, don wanda ya kwafi littafi ya yawaita shi ke nan. Ta biyun kuma daga colla, gam, shi kuwa daga wurin Girkawa ya iso mana. Amma haɗa su a kan kwamfuta ba dabararmu ba ce, daga Ingilishi muka juyo."

Baba ya ajiye cokali. "Farfesa, su masu Ingilishin, a ina suka ga gam a cikin kwamfuta? Buɗe ta suka yi suka tarar da bokiti?"

"A'a, wato abin da nake nufi…"

"A teburi irin nawa suka gani! Mu ne muke yanka rubutu layi-layi, mu shafa gam, mu jera a kan kwali, a ɗauki hoto a buga. Sun ɗauke sunan sun bar bokitin."

"To ai girmama ka aka yi, Baba," na ce. "Ga sana'arka a bakin duniya."

"Sunanta dai. Ke Palmì, lokacin da nake manna layi, sau uku yake bi ta idona. In karanta ina yanka, in karanta ina shafa, in karanta ina dannewa. Ke sau nawa kike karantawa?"

"Baba, taliyarka za ta huce."

Haka na kashe maganar, kuma har ga Allah na ji daɗin kaina a lokacin.

Maestro Oronzo ya rasu ranar wata Juma'a a tsakiyar watan Agusta. Shekara hamsin yana jagorantar ƙungiyar masu busa ta garinmu, kuma kusan duk wanda ya iya riƙe ƙaho a nan, a hannunsa ya koya, da mari da lallashi. Shekararsu hamsin da biyu da matarsa Donna Nunziata, Allah bai ba su haihuwa ba. Babu likitan da ba ta gani ba a Bari, babu tsaunin waliyyin da ba ta hau ba, wani ma ba takalmi. Kowa ya san wannan ciwon, kuma ko mashayin gari ba ya taɓa shi.

Labarin ya iso mini ƙarfe uku da rabi, masu buga mana a Taranto kuwa ƙarfe biyar za su rufe su tafi hutun mako biyu. Kujerar bayana babu kowa, don Baba ya tafi gidan rasuwar. Shi da Maestro sun yi shekara arba'in suna buga karta suna zagin juna. Na buɗe sanarwar makon jiya, ta Sabino mahauci, na kwafe ta gaba ɗaya. Na canza suna, na canza shekaru, na canza sunan matar, na sa lokacin jana'iza: Asabar, ƙarfe biyar. Na tura. Ermete ya je ya ɗauko, ma'aikacin gari ya liƙa su da sassafe. Minti huɗu aikin ya ɗauke ni, har ina yaba wa kaina.

Ƙarfe goma na safiyar Asabar na shiga shagon Tonino shan kofi. Ina shiga wurin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ke gaya maka da kai ake.

"Palmì," in ji Tonino, yana goge kofin da ya riga ya bushe, "ashe Maestro namiji ne haka? 'Ya'ya uku a ɓoye, har da jikoki bakwai? Ni fa na ɗauka ƙaho kaɗai ya sani."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Ban tsaya jin sauran ba, na tsallaka dandali da gudu zuwa allon da ke jikin kantin magani. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, layi na shida, ƙarƙashin sunan Donna Nunziata: "da 'ya'yansa Vito da Grazia da Sante, da jikoki bakwai." 'Ya'yan mahauci ne. Na kwafo su, na manta da su a wurin.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiyar ba. Na sake karanta layin. Abu ɗaya ya ɗan kwantar mini da hankali: matar mamaci ba ta fita daga gida sai an ɗauko gawa. Donna Nunziata tana zaune kusa da mijinta tun jiya. Amma ƙarfe biyar za ta fito, ta bi akwatin a ƙasa daga ƙofarta zuwa coci, daga coci zuwa makabarta, kuma a kowace kwana 'ya'yan da ta yi shekara hamsin tana roƙo za su yi mata sallama daga bango, gari na kallon fuskarta.

Na kira Taranto, na'ura ce ta amsa tana yi mini fatan hutu lafiya. Na yi tunanin yage takardun duka, amma gawar da ba ta da takarda a bango a garinmu, kamar jefar da ita aka yi. Ermete ya iso shago yana haki da baƙin alƙalami mai kauri a hannu.

"Mu bi mu shafe layin kawai," ya ce.

"Baƙin layi ai yatsa ne, Farfesa. Wanda bai gani ba ma sai ya zo ya tambaya me aka ɓoye."

Baba ne a bakin ƙofa, cikin baƙin wandonsa na zuwa jana'iza. Ya riga ya gani. Na sunkuyar da kai ina jiran maganar sau uku, kuma da ya faɗa da ban ce uffan ba. Bai faɗa ba. Ya cire kwat ya rataye, ya naɗe hannun riga.

"Ɗora ruwa a wuta," ya ce da ni. "Farfesa, je gida ka ɗebo fulawa da sukari kaɗan da ruwan tsami. Kada ka tsaya bincikar asalinsu."

Ya shiga ƙuryar baya, na ji aljihun teburi yana kuka. Ya fito da wani ƙunshin farar takarda da sau uku ina cewa a zubar, yana cewa in bari. Irin ta sanarwa ce sak, kauri ɗaya, haske ɗaya. Ya ce farar takardar ofis idan ta hau wannan, daga ƙarshen titi za a hango faci. Ya ɗauki ragowar sanarwa ɗaya da ke shagon, ya aza rula a kan layi na shida, ya auna tsawo da faɗi, ya ƙirga haruffan da bakin reza.

"Sai mu rufe da ɗan tsirin farar takarda, ko?" na ce.

"Wane irin fari? Sanarwa mai giɓi a tsakiya kamar bakin tsohuwa? Dole wani abu ya zauna a wurin, tsawonsa ɗaya da na da. Kuma dole ya zama gaskiya." Ya kalli sunan abokinsa. Can ya ce, "Rubuta: da ɗalibansa na ƙungiyar busa, manyansu da yaransu."

"Baba, Donna Nunziata ba ta ce a sa wannan ba."

"Ta ce a sa 'ya'yan mahauci?"

Na juya ga kwamfuta, ya biyo ni da wata tambayar.

"Ƙarya ce abin da na faɗa?"

"A'a."

"To buga. In ta yi fushi, da ni za ta yi."

Sau biyar muna gwadawa a ƙaramin injin ofis kafin girman haruffan ya yi masa. Ni ban ga bambanci tsakanin na huɗu da na biyar ba, shi ya ce kamar gashi ɗaya ne, kuma ido na ganin gashi ɗaya ko da mai idon bai sani ba. Ya dama gam ɗin da kansa, yana juyawa a hankali har ya kama bayan cokali, ya ɗiga ruwan tsami don kada ƙwari su bi shi. Sannan ya miƙo mini reza.

"Yanka. Ki karanta da ƙarfi."

Mace mai shekara hamsin da ɗaya, na tsaya ina karanta layi ɗaya sau ashirin da uku, har da na rara, kamar 'yar aji ɗaya, ina jin haushi ina haɗiyewa. Wanda ya zubar da mai ba ya zaɓen tsumma.

Ƙarfe ɗaya saura muka fita a tsohuwar motarsa mai ƙafa uku, bokiti a tsakanin ƙafafuna. Rana ta take, ko kare babu a titi. Baba ya ce hanyar da gawa za ta bi za mu fara bi, kuma ta ƙofar gidan ce farko. Wannan ita na fi tsoro. Masu ta'aziyya na shiga suna fita, ana jiyo addu'ar mata daga ciki. Ya ce in tsaya in ba ƙofar baya in tare shi. Kafin in gama gaida wata tsohuwa, ya gama. Na juya na duba, na sake dubawa. Da ban san wurin ba, da na rantse haka aka bugo ta.

Mutumin nan shekararsa tamanin da ɗaya. Idan ya ɗauki kofin kofi, rabinsa a faranti yake ƙarewa saboda rawar hannu. Amma da ya riƙe buroshi sai hannun ya tuna kansa. Shafa ɗaya, ya ɗauki tsirin da yatsu biyu, ya saita gefen hagu, ya sake shi ya kwanta, ya bi da tsumma daga tsakiya zuwa waje, leɓensa na motsi yana karantawa. Ina tsaye riƙe da bokiti, zufa na shiga idona, sai na kama kaina ina kallonsa yadda nake kallonsa ina 'yar shekara bakwai, lokacin da nake ganin babu abin da ubana ba zai iya gyarawa ba.

A allon dandali Tonino ya fito da kwalbar ruwa mai sanyi, tsofaffin shagonsa na biye da shi.

"Mastro Catà, an dawo da kai bakin aiki? Ina kwamfutar? Ko ita ma ta tafi hutu?"

"Tana nan, tana hutawa. Matsa, kana tare mini haske."

Tonino ya matso ya karanta sabon layin. Shi ma ya yi shekara uku yana hura ƙaho a gaban Maestro kafin a sallame shi saboda kunnensa na katako ne. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya miƙa wa Baba ruwan da hannu biyu, ya juya ga tsofaffin ya ce duk wanda ya sake ambatar 'ya'ya uku a shagonsa, ya nemi inda zai riƙa shan kofi.

A allo na goma sha biyar, kan hanyar makabarta, Baba ya zauna a bakin titi ba tare da ya yi niyya ba. Fuskarsa ta yi fari. Na ce mu koma, sauran na bayan gari ne, Donna Nunziata ba za ta bi ta can ba.

"Ita ba za ta bi ba, sunansa zai kwana a can." Ya miƙo mini buroshin. "Ungo."

Na farko na labta gam har yana zuba, tsirin ya yamutse.

"Bango za ki ciyar? Ɓare, ɗauki wani, shi ya sa na ce ki yanka da rara. Kaɗan. Hagu tukuna. Kada ki ja shi, bar shi ya kwanta da kansa. Daga tsakiya. Me ya ce?"

"Da ɗalibansa na ƙungiyar busa, manyansu da yaransu."

"To kin gani."

Takwas ɗin ƙarshe ni na liƙa, yana zaune a mota yana yi mini tsawa ta taga. Na ƙarshen na bayan kasuwa ne, kuma muna gamawa ƙararrawar coci ta fara bugawa ɗaya-ɗaya. Motar ba ta da hanyar wucewa saboda jama'a, sai muka taho a ƙasa, yana dafe da kafaɗata, ni da bokiti a ɗaya hannun. Muka iso dandali daidai lokacin da akwatin ya shigo.

Ban taɓa ganin ƙungiyar busa da yawa haka ba. Ga masu kayan ƙungiya, ga waɗanda suka kwana a hanya daga Milano da Jamus cikin kayan gida, wasu da furfura da tumbi, wasu yara da ƙahon ya kusa fin su tsawo. Sun haura sittin. A gabansu, bayan akwatin, Donna Nunziata ce cikin baƙaƙen kaya, 'yar ƙarama, tana tafiya a miƙe. Ina addu'a a zuci ta wuce kada ta ɗaga kai.

Ta tsaya. Daidai allon kantin magani ta saki hannun matar da ke riƙe da ita ta nufi bango. Masu ɗauke da akwati suka tsaya, busa ta rarrabe ta mutu, Fada, limamin coci, ya waiwayo. Ta sa tabarau ta karanta tun daga sama. Da ta zo layi na shida sai ta aza yatsa a kai, ta bi gefensa a hankali har ta ji inda takarda ta hau takarda.

"Mastro Catà."

"Donna Nunzià." Baba ya cire hula da hannun da gam ya bushe a kai.

"Na ga na safe," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, amma dandalin ya yi shirun da kowa ya ji. "Ƙarfe shida na leƙo in sha iska. Vito, Grazia, Sante. Jikoki bakwai. Sau biyu na karanta, na koma ciki na zauna kusa da shi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. "Ni ce, Donna Nunzià," na ce. "Laifina ne, ba na Baba ba."

"Na sani, 'yar nan. Ubanki bai taɓa ba wa wani 'ya'yan wani ba." Ta koma kan Baba. "Wannan fa, wa ya ce ka rubuta?"

"Babu kowa."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya ta dubi masu busa, layi bayan layi, kamar mai ƙirga. Da yawansu a teburinta suka ci taliya bayan darasi, wasu ita ta ɗinke musu maɓallin rigar ƙungiya, wani ƙato a layin gaba ma ita ta taɓa ɓoye shi a kicin ranar da Maestro ya biyo shi da sanda. Ƙaton nan yana tsaye rungume da ƙaho yana kuka kamar yaro.

"Da safe an ba ni uku na aro," ta ce. "Kai ka kawo mini nawa." Ta sake danna tsirin da yatsa. "Ba zai ɓare ba?"

Baba ya miƙe har sai da ya fi ni tsawo. "Gam ɗina? Sai dai bangon ya faɗi."

Ta gyaɗa kai, ta cire tabarau, ta koma wurinta a bayan akwati. Sannan ta waiwaya ga mutum sittin ɗin nan ta ce, "To me kuke jira? Ubanku na jiranku."

Suka ɗaga ƙahoni. Na sha jin taken da suka busa a jana'iza fiye da yadda zan iya ƙirgawa, amma ban taɓa jin an busa shi haka ba, har tagogin kantin magani na rawa. Baba ya shiga layi, wandonsa na jana'iza duk farin gam, hawaye na bin kumatunsa bai share ba. Ermete ya raɗa mini in ajiye bokitin a shagon Tonino, wai ba a zuwa coci da shi. Na ce ya bar ni. Na bi bayan ubana har makabarta da bokitin a hannuna, kuma duk wanda ya kalle ni, na kalle shi.